Ɗaya Cikin Huɗu

A bayan gidanmu, Birni, inda dutse ya hau dutse ya zauna,
na kafa akwatuna shida na gilashi da waya.
Maƙwabta suka ce Mutari ya taɓu:
gari cike da ƙadangaru, kowace katanga da nata,
shi ya sayo nasa jaka tamanin, wai masu gemu,
daga hannun direban da ke zuwa Kwatano.

Ban musa ba. Ɗan majema ne ni.
Ubana kan ɗaga fatar akuya ga rana
ya ce, duba, in haske ya ratsa ta babu huji
to hannu ya ci guminsa.
Abin da nake nema ke nan,
sai dai a fata mai numfashi.

Namijin Barma, macen Ta-Zango,
dukansu launin jar ƙasa, ba mai kallonsu sau biyu.
Amma abin na kwance a jininsu, ya yi lamo,
kamar bashin da kaka ya ci, jika bai sani ba.
Ƙwai ashirin da biyu na binne a yashi mai laima
cikin tsohuwar kular Cima.
Wata biyu ina gadi.
Jarkar da na saya wurin ga-ruwa,
rabi namu, rabi na yashi.

Goma sha tara suka fasa.
Biyar a cikinsu ido baƙi wuluk, ba zobe ba gefe,
ciki shuɗi-shuɗi kamar ruwan marina da aka surka.
Ɗora ɗaya a tafi, juya wa hantsi,
za ka ga gyaren da ya ci jiya,
inuwa cikin inuwa.
Ranar ban ci tuwo ba, kallo ya ƙosar da ni.

Da shekara ta zagayo, zari ya kama ni.
Na haɗa mai haske da mai haske, wa da ƙanwa,
don kowane ƙwai ya ba ni kwalba.
Ya kuwa ba ni. Goma sha huɗu, duk garau.
Ba su iya ɗaga kai su gaida rana ba.
Kafin sati uku na gama binne su
gindin zogalen da nake tsinkar musu.

Daren nan na zauna da alli, ina zane a bayan tire:
gida huɗu, uwa a sama, uba a gefe.
Cima ta tsaya kaina da buta, ta daɗe.
Ta ce, na san wannan zanen.
Shi likita ya yi mana a babban asibiti
ranar da hannuwan Kyari suka kumbura,
bai ko yi haƙori ba.
Kai lafiya, ni lafiya,
gida na huɗu ya faɗo kan autanmu.

Ban ce komai ba. Allin ya karye da kansa.

Kyari shekara tara yanzu.
Idonsa ruwan ɗorawa, ƙashinsa na jin sanyi
tun kafin sanyi ya iso Tanut.
Shi ke bin gyare da tocila bayan isha,
shi ya san wace ce ke ɗauke da ƙwai.
Jiya ya ɗaga ɗaya cikin biyar ɗin farko,
ya daɗe yana leƙen cikinsa,
ya ce, Baba, wannan da ake ganin komai nasa,
in yana ciwo, ana ganin wurin?

Na ce ban sani ba.
Ya mayar da shi kan dutsensa a hankali,
da hannu biyu,
yadda uwarsa ke kwantar da shi.